Yadda Ake Hana Zaizayar Ƙasa a Kewayen Babbar Madatsar Ruwa

Yawancin waɗanda aka ɗora wa kula da muhalli a wurin ginin babban dam, da dashen itatuwa a bakin ruwa suke farawa. Na sha gani. A dasa dubbai, a ɗauki hoto, damina ta faɗi, sai ga ruwa yana gangarowa daga tudu jajawur da laka kamar ba a yi komai ba. Lakar nan kuwa ita ke cinye dam. Madatsar Sanmenxia da ƙasar Sin ta kammala a kan Rawayen Kogi a 1960, cikin 'yan shekaru laka ta taru a bayanta har ta fara toshe bakin kogin Wei da ke zuba a cikin Rawayen Kogi, dole aka koma aka buɗe wasu ƙofofi don wanke ta. Don haka daga kan tudu ake fara aikin, inda ruwan sama ke fara gudu.

Kafin katafila ta shiga ko'ina, a kwashe ƙasar sama mai taki a tara ta gefe guda, nesa da hanyar ruwa. Kada tulin ya wuce mita 2, in ya wuce sai ƙasar ciki ta dunƙule ta mutu. A shuka masa ciyawa nan take. Ɗan kwangila zai so ya haɗa ta da jar ƙasa ya zubar tare don ya rage zirga-zirgar tifa, saboda haka a sa wannan sharaɗi a rubuce cikin kwangila. Sayo ƙasa daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Sai fitar da layukan daidaito a jikin gangara, wato layin da kowane wuri a kansa tsayinsa ɗaya da ɗan'uwansa. A nan nake so a tsaya, domin a nan aikina na farko ya lalace. Da ido muka ja layukan, sun kuma yi kyau a gani. Da aka yi ruwa mai ƙarfi, sai duk ruwan da layin ya tare ya bi shi zuwa inda ya ɗan yi ƙasa, ya taru, ya fasa. Kafin ƙarshen damina wurin ya zama kwazazzabo mai zurfin ƙugun mutum, a gangarar da a da ba ta da ko tsaga. Karkataccen layi tara wa ruwa ƙarfi yake yi.

Ba a bukatar na'ura mai tsada. A sami sanduna biyu masu tsawo ɗaya, kamar mita 2, a ɗaure kawunansu, a gicciya ta uku a tsakiya su yi siffar harafin A. A rataya igiya daga sama da dutse a ƙarshenta, ta sauko ta wuce sandar tsakiya. Ga abin da sababbi ke tsallakewa: a tsayar da wannan na'urar sandunan a ƙasa, a yi alama inda igiyar ta tsaya, sannan a juya, ƙafar dama ta koma daidai gurbin ta hagu, a sake yin alama. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce daidai. Wanda ya auna tsakiyar sanda da tef kawai, alamarsa za ta iya kauce wa daidai. Ni kowace safiya nake sake wannan gwaji, domin ɗauri yakan saki a hannun ma'aikata. Daga nan a yi ta takawa da na'urar ƙafa bayan ƙafa, duk inda igiya ta zauna a kan alama a kafa turke. In layin ya yi lanƙwasa a bar shi da lanƙwasarsa, kada wani ya zo ya miƙe shi don ya yi kyau. Tsakanin layi da layi a bar saukar mita 1 zuwa 2, gangara mai tsanani kuma a matso da su.

A kan layin, ciyawar jema nake dasawa, kuma ban ga abin da ya kai ta ba. Saiwarta ƙasa take nutsawa, takan kai mita 3, ba ta bazuwa gefe ta shiga gonar mutane. Bankin Duniya ya yaɗa wannan dabara a Indiya a shekarun 1980. A nemi irin kudancin Indiya wanda ba ya haihuwa ta ƙwaya. A raba gindin zuwa 'yan tsiro biyu ko uku, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a dasa da tazarar santimita 10 zuwa 15 da farkon damina, bayan ƙasa ta jiƙa sosai. Masu son rage kuɗi sukan buɗe tazarar. Kada a yarda, ruwa ta kafa ɗaya yake bi ya yi ɓarna.

Inda kwazazzabo ya riga ya buɗe, a jera ƙananan shingayen dutse daga sama zuwa ƙasa. Kowanne ya shiga cikin gaɓa hagu da dama, tsakiyarsa ta fi gefunansa ƙasa don ruwa ya bi ta nan, a kuma shimfiɗa duwatsu a inda zai faɗo. Ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya.

Sauran a taƙaice: hanyoyin aiki su sami kwata, ramukan da aka haƙi ƙasa a kwantar da bakinsu a mayar musu da ƙasar saman da aka ajiye, baƙin mai da ruwan wankin siminti kada su kusanci kogi. Itatuwa yanzu ne lokacinsu, a saman iyakar cikar ruwa. A zauna da manoma da makiyaya tun kafin dashe, a ware mashaya da burtali, a kuma tabbatar ana sakar wa mutanen ƙasan dam ruwa ko da rani. A damina ta farko, bayan kowane babban ruwa a bi layukan da ƙafa, duk inda jema ta mutu a cike gurbin a makon.