Kurakuran da ɗaliban zanen gini ke yi idan suna nazarin gidajen giyar inabi na Turai

Tun kafin wani ya fara min wa'azi, ni ban taɓa sha ba kuma ba zan sha ba, ginin kawai nake kallo. Malaman zanen gini na son ba da waɗannan gine-gine a asamen, wato aikin gida, saboda akwai ilimin sanyi da iska a cikinsu, amma ɗalibai sai su tsaya kan hoto.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Marqués de Riscal a garin Elciego na Sifaniya. Kowa sai ya kwaso hoton ginin nan da mai zanen gini Frank Gehry ya zana, mai rufin taitaniyom da ya nannaɗe kamar an jefar da ɗankwali, ya rubuta wai nan ne ake sarrafa giyar. Malam otal ne fa, an buɗe shi 2006, ita masana'antar tun 1858 aka kafa ta kuma tsoffin gine-ginen dutse ne a gefe. Kafin ka yabi gini fara tambayar me ake yi a cikinsa.

Sai mantawa da hanyar da inabin ke bi. Da yawa cikin na zamani daga sama ake zuba inabi ya gangaro da nauyinsa zuwa tankuna, daga nan zuwa ganguna a ƙasa, don kar injin turawa ya dagargaza shi. A gidan giyar Portia na Sifaniya da kamfanin Norman Foster ya zana har kan rufin ake hawa da kaya a juye. To in zanenka bai nuna ginin a yanke daga sama zuwa ƙasa ba, ba ka nuna komai ba wallahi.

Babban kuskuren dai shi ne batun sanyi, kowa esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake tunani. Ganguna na son wuri mai duhu da danshi wanda zafinsa ba ya hawa da sauka, shi ya sa a Reims ta Faransa suke ajiya cikin tsoffin ramukan alli a ƙarƙashin ƙasa inda digiri ke zama wajen 10 zuwa 12 rani da damina, masu gidan giyar Antinori kuma a Italiya suka cusa kusan duk ginin cikin tudu a 2012. Wanda ya fi burge ni Dominus na Kalifoniya a Amurka (ko da yake ba Turai ba ne), zanen Herzog da de Meuron, 1997: duwatsu kawai aka cika a kejin ragar waya aka jera suka zama bango, da rana su shanye zafi da dare su saki, haske na leƙowa ta tsakaninsu. A garin Jerez na Sifaniya kuwa rufin gidajen giyar ne can sama kamar na coci, tagogi a sama, ƙasan rairayi ana yayyafa masa ruwa. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai kaurin bango cikin watan Afrilu ya san wannan lissafin, kar ka ji kunyar kawo shi a rubutunka.

Kuma don Allah a daina ɗauka babban suna ba ya kuskure. Gidan giyar Ysios na Sifaniya, zanen Santiago Calatrava, 2001, rufin alminiyom mai tashi da sauka kamar duwatsun bayansa, kyau kam ba a magana, amma yoyo ya dame su har masu wurin suka je kotu a 2013 suna neman wajen Yuro miliyan 2 na gyara. Duk rufin da ka lanƙwasa, ɗauki biro ka bi ɗigon ruwan sama tun daga inda ya faɗi har indararo, in ka rasa inda ya bi to malaminka ma zai rasa.