Yadda zaka gyara zamanka kafin bayanka ya ranƙwafe

Teloli, 'yan POS, direbobin adaidaita, ma'aikatan ofis da mu masu wuni kan waya, kusan duk wanda ka taɓa sai yace maka baya ko wuya na damunsa, kuma yawanci ba wata cuta bace ta shigo daga waje, yanayin zaman ne kawai. Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, tsakanin mafi yawansu akwai wani faifai mai taushi dake shanye nauyi, in ka daɗe a sunkuye faifan nan ne ke matsuwa, naman ƙirji ya ɗaure, na baya ya saki, a hankali kafaɗu su zubo gaba.

Fara da waya don nan aka fi yin ɓarna. Kan babban mutum yakai wajen kilo 5, amma wani likitan ƙashin baya a Amurka yayi lissafi a 2014 cewa in ka sunkuyar da kai sosai kana kallon waya a cinya, nauyin da wuya ke ɗauka yana kaiwa kilo 27, kaga yafi jarkar ruwa mai lita 25 kenan, kuma a haka wani zai kwashe awa uku yana TikTok. Ɗago wayar zuwa saitin idonka, in hannu ya gaji ka ɗora gwiwar hannu kan tebur ko filo.

Sai zama. Tura mazaunai har ƙarshen kujera, tafin ƙafa a ƙasa, ka naɗe ƙaramin tawul ka sa a daidai kwankwaso. Ka cire walat daga aljihun baya in zaka yi tuƙi, tana karkatar da ƙugu gefe guda. Tela kuma ya duba bencinsa da kyau, in sai ka leƙa kake ganin allura to ko bencin yayi tsawo ko haske yayi kaɗan, ƙwan fitila ɗaya a saman keke zai rage maka sunkuyon nan. Amma gaskiya abinda yafi duk waɗannan a wajena shine tashi, ko zaman naka yafi na kowa kyau in ka daskare a ciki zai dameka, duk bayan minti 30 ka miƙe kayi miƙa ka ɗan taka ko zuwa bakin shago ne.

Motsa jiki baya buƙatar kuɗi. Ka tsaya ka jingina da bango, ka ja haɓarka baya kamar kana so ƙeyarka ta taɓa bangon ba tare da ka ɗaga kai sama ba, riƙe ka ƙirga biyar, kayi sau goma. Sannan ka matse allunan kafaɗa su nufi juna. Kafin barci kwanta rigingine, lanƙwasa gwiwoyi, ɗaga ƙugu sama ka sauke a hankali. Da tafiyar ƙafa kullum. Ba a ganin canji a kwana biyu, sai an jure makonni.

Iyayenmu mata su ma suna shan wahala wallahi, shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a duƙe ga goyo a baya. A ɗora bahon wanki kan benci, a sa wa tsintsiya doguwar sanda. Wajen ɗaukar buhu ko jarka a tsugunna, a jawo kayan kusa da jiki, a tashi da ƙarfin cinya, kar a murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Dan Allah a rage shan diclofenac da ibuprofen kullum daga kemis, suna janyo olsa kuma suna taɓa ƙoda, tramadol kuwa kar ma a fara. Kwanciya kwana da kwanaki itama ƙara ciwon take. Ɗumama wurin da tawul mai ɗumi yana taimakawa, in sati shida ya wuce babu sauƙi a nemi likitocin gashin ƙashi.

Akwai ciwon bayan da ba na zama bane kuma baya jira. In ƙafa na sagewa ko tana rasa ƙarfi, in fitsari ko bayan gida na kuɓucewa, wannan asibiti ne a ranar. In kuma akwai zazzaɓi, gumin dare, rama da ciwon da ke hana barci, ayi gwaji domin tarin fuka yana cin ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi, kuma yana warkewa da magani in an fara da wuri, ba sai an tsaya tsaga da ƙaho ba. Yarinya mai tasowa da kika ga kafaɗarta ɗaya tafi ɗaya tsawo, sa ta sunkuya ki duba bayan, in gefe guda ya taso ki kaita asibitin ƙashi irin na Dala a Kano tun ƙashin bai gama girma ba.