Gina Linux daga tushe a ƙauye: inda aikin ke tsayawa da yadda ake tayar da shi

Wanda ya bi hanyar Linux From Scratch, wato LFS, littafin da ke koyar da gina tsarin Linux na kwamfuta daga tushe, aikin da Gerard Beekmans ya fara a 1999, tushen rubutun kowane ƙunshi na manhaja yake ɗaukowa ya haɗa da kansa: Binutils, GCC, Glibc, Bash, har zuwa kanel, wato zuciyar tsarin, ƙunshi wajen tamanin. Umarnin da ke cikin littafin an gwada su, kuma suna aiki. Abin da littafin bai yi lissafi da shi ba shi ne mutumin da ke zaune a wani ƙauyen Ringim ko Rano da tsohuwar laftof, wuta na zuwa tana tafiya, ga zafin bazara, ga data ana awonta. A irin wannan wuri yawancin abin da ke tsayar da gini ba daga rubutun manhajar yake ba. Ko dai na'urar ce ta gaza, ko kuma an koma aiki bayan ɗauke wuta ba a mayar da komai yadda yake ba. Don haka kafin ka taɓa ko da layi ɗaya, fara tantance wanne ne a ciki.

Kafin a fara

Ana gina LFS ne a cikin wani Linux da ke aiki, mu kira shi mai masauki. In Debian ne ko Ubuntu ko Mint, sh ɗinsu, wato manhajar da ke karɓar umarni, Dash yake nunawa, littafin kuwa Bash yake so, sai ka gyara wannan tukuna. Haka awk ya zama Gawk, yacc ya zama Bison, a kuma sa Texinfo, wanda sau da yawa ba ya zuwa da tsarin. Ɗan fayil ɗin version-check.sh da ke babi na 2 zai faɗa maka abin da babu. Yankin faifai kuma ka ware gigabait 30. Da 10 ma ana iya gamawa, amma a takure.

Ƙunsoshin gaba ɗaya sun kai wajen rabin gigabait. Ranar da ka shiga Dutse ko Kano, ko wani wuri mai sabis mai ƙarfi, ka sauke su duka a filas da wget-list, jerin adireshinsu da littafin ya bayar, kuma kada ka bar wajen sai ka buga:

md5sum -c md5sums

Fayil ɗin da sabis ya yanke a tsakiya sunansa na nan a folda kamar lafiyayye, sai ranar da ka zo warware shi ya ce maka "Unexpected EOF in archive". Ka sauko da manhajojin intanet Wget da dhcpcd da make-ca daga BLFS, littafin da ke biye da LFS, tare da abin da suka dogara a kai. Dalilin zai zo a gaba.

In an ɗauke wuta ana tsakiyar gini

Wannan ne ya fi kowane ɓarna. Kwamfuta ta mutu, an kunna, mutum ya koma folda ya ci gaba da make, umarnin da ke haɗa ƙunshi, daga inda ya tsaya. Kada ka yi haka. Fayilolin da ake kan rubutawa lokacin da wuta ta yanke kan kasance rabi ko fanko, kuma make lokacin fayil yake dubawa, ba ya leƙa cikinsa, sai ya ɗauka an gama da su. Goge foldar ƙunshin baki ɗaya, sake warware ta daga fayil ɗin tar da ka sauke, ka faro ƙunshin daga farko. Ƙunshin da aka riga aka gama girkawa ba sai an maimaita shi ba.

Sannan duk abin da ka jona kafin mutuwar kwamfutar ya warware. A matsayin root, wato mai cikakken iko a kan tsarin, ka maido shi, kana sa sunan naka yankin a madadin sda3:

export LFS=/mnt/lfs
mount /dev/sda3 $LFS
mount --bind /dev $LFS/dev
mount --bind /dev/pts $LFS/dev/pts
mount -t proc proc $LFS/proc
mount -t sysfs sysfs $LFS/sys
mount -t tmpfs tmpfs $LFS/run

Layi biyun farko sun isa in kana babi na 5 ko na 6, inda ake aiki da sunan lfs. Daga babi na 7 ne ake buƙatar sauran, da /dev/shm yadda bugun littafinka ya nuna, sannan a shiga chroot, wato a koma aiki daga cikin sabon tsarin. Ka ajiye su a fayil guda don kada ka riƙa bugawa da hannu.

Duk lokacin da ka buɗe sabuwar taga, buga echo $LFS. In ya dawo da layi fanko, tsaya. Umarni irin make DESTDIR=$LFS install, in root ne ya buga shi alhali babu komai a $LFS, kan mai masauki zai zuba kayan, ya danne nasa. Mutane da yawa a nan suke rasa tsarin da suke aiki a kansa.

Akwai dabara ga mai aiki da sola. In ka ga batirin inbata na yin ƙasa, danna Ctrl da Z, make zai dakata. Sa laftof barci, in wuta ta samu ka tashe ta ka buga fg. Ban da lokacin gwaje-gwajen ƙunshi, don wasunsu suna ƙirga lokaci, za su faɗi a banza. Kuma da ka gama babi na 7 ka fita daga chroot, ka cire abubuwan da ka jona, ka naɗe $LFS duka da tar ka kai filas. Ranar da abu ya lalace a babi na 8, daga nan za ka taso.

Karanta kuskure

Layin ƙarshe da make ke nunawa, mai taurari uku da "Error 2", sanarwa ce kawai cewa an faɗi. Ainihin dalilin yana can sama, wani lokaci da layi ɗaruruwa, musamman in ana gudanar da ayyuka da yawa a tare. Saba da ajiye bayani:

make 2>&1 | tee ../gini.log

Nemi kuskuren farko da grep -n -i error, ko ka sake gudu da make -j1, wato aiki ɗaya a lokaci guda, don ya tsaya daidai inda ya karye.

Yanzu ga tambayar da ke raba gardama: in ka maimaita, a wuri ɗaya yake faɗuwa? In a wuri ɗaya ne da saƙo iri ɗaya, laifin mataki ne. An tsallake wani ƙunshi, ko faci, wato ɗan fayil na gyaran tushen rubutu, ko an bar tsohuwar folda daga zagayen farko na GCC, ko an kwafo umarni daga PDF ya haɗiye wata alama. In kuwa yau ya faɗi a nan, gobe a can, da "Segmentation fault" ko "internal compiler error", to na'ura ce. Kada ka ɓata data kana neman faci.

Zafi shi ne na farko da za a tuhuma. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, laftof ɗin da ta sha ƙurar hunturu ba za ta jure awa uku furosesa na aiki ba hutu ba. Duba zafinta ana cikin gini:

cat /sys/class/thermal/thermal_zone*/temp

Lambar da za ka gani a raba ta da dubu, 88000 digiri 88 ke nan. In tana zama sama da 90, buɗe bayanta ka share fanka da ramukan iska da buroshi, inda ƙura kan dunƙule kamar auduga. Canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, ɗigo ɗaya ya isa. Ɗaga ta daga kan katifa ko darduma, ka rage ayyuka zuwa -j2. Manyan ƙunsoshi kuma a bar su sai bayan isha'i.

Lissafin lokacin yana da sauƙi. Littafin yana auna kowane ƙunshi da SBU, wato tsawon lokacin da Binutils ya ɗauka a zagayen farko a kwamfutarka. GCC na babi na 8 tare da gwajinsa yakan kai SBU 40 ko fiye. In SBU ɗinka minti 5 ne, ka tanadi wutar sama da awa uku kafin ka fara.

In saƙon ya ce "Killed signal terminated program cc1plus", wannan ba zafi ba ne, RAM ce ta ƙare kanel ya kashe aikin, kuma dmesg zai nuna "Out of memory". Mai RAM gigabait 4 ya yi fayil ɗin swap, wato wuri a faifai da ke taya RAM, na gigabait 4 a mai masauki, da fallocate, chmod 600, mkswap da swapon, ya kuma rage -j. In an share ƙura, an ƙara swap, faɗuwar ba ta daina yawo ba, bar Memtest86+ ya kwana yana gwada RAM ɗin.

Sai agogo. Tsofaffin kwamfutoci ɗan batirinsu na ciki, galibi CR2032, yakan mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da babban batir ya ƙare. Alamarsa "Clock skew detected", ko configure ya yi ta maimaita kansa, daga baya kuma shafukan intanet su ƙi buɗewa saboda takardar shaida. Buga date kafin kowane zama.

An gama, ta ƙi tashi

Saƙon da ya fi fitowa a tashin farko shi ne "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Kanel ya tashi amma bai ga faifai ba. LFS ba ya yin initramfs, ɗan tsarin wucin gadi da ke ba kanel direbobi lokacin tashi, saboda haka direban faifai da na ext4 dole su kasance a cikin jikin kanel, da alamar tauraro a menuconfig, jerin zaɓin kanel, ba M ba, wato modul. Modul yana zaune ne a kan faifan, kanel kuwa ba zai karanta faifan ba sai da shi. Tabbatar waɗannan suna kan y: CONFIG_EXT4_FS, CONFIG_BLK_DEV_SD da CONFIG_SATA_AHCI ga faifan SATA, CONFIG_BLK_DEV_NVME ga NVMe, sai CONFIG_DEVTMPFS. Don sanin direban da na'urarka ke so, koma mai masauki ka buga lspci -k, ka rubuta abin da ke gaban "Kernel driver in use".

Abu na biyu, root=UUID= ba ya aiki in babu initramfs. Sa root=/dev/sda3, ko mafi kyau root=PARTUUID= da lambar da blkid ya ba ka, don sunan sda kan canza in an soka filas. In daga faifan USB kake tashi, ƙara rootwait, direbobin USB ɗin ma su shiga jikin kanel. GRUB kuma, manhajar da ke tayar da kanel, yana ƙirga faifai daga 0, yanki daga 1, wato sda3 a wajensa (hd0,3) ne.

A ganina, mai kwamfuta ɗaya tak kada ya yi grub-install a karon farko. Ya bar GRUB na mai masauki, ya ƙara shigarwar LFS a /etc/grub.d/40_custom, ya buga update-grub. In sabon tsarin ya ƙi tashi, tsohon na nan da za a shiga a gyara, ba sai an hau mota zuwa gari neman wata kwamfutar ba. Haka in za ka sake haɗa kanel, ba sabon wani suna, ka bar tsohon a jerin.

Wanda ya gina a kwamfuta mai ƙarfi a birni ya ɗauko faifan zuwa tsohuwa a gida zai iya cin karo da "Illegal instruction". GMP da Libffi suna daidaita kansu da furosesan da aka gina su a kai, haka duk abin da aka haɗa da -march=native. Littafin ya yi gargaɗi a shafin kowannensu ya kuma nuna yadda ake gina su na gama-gari. A bi wannan tun farko in an san faifan zai yi tafiya.

Intanet ta waya

Sabon LFS ba shi da Wget, ba shi da abin haɗa Wi-Fi, bugun SysV ma, ɗaya daga bugu biyun littafin (ɗayan shi ne systemd), ba shi da mai karɓo adireshin intanet ta DHCP. Shi ya sa aka ce ka sauko da su tun a gari. Hanya mafi sauƙi a ƙauye ita ce jona wayar Android da kebul a kunna raba intanet ta USB. Kanel na buƙatar CONFIG_USB_USBNET, CONFIG_USB_NET_RNDIS_HOST, CONFIG_USB_NET_CDCETHER da CONFIG_USB_NET_CDC_NCM. Soka wayar, duba sabon sunan da ya bayyana a ip link, ka ba dhcpcd shi. Wi-Fi ya fi wuya: yana son wpa_supplicant, kuma katuna irin na Intel suna neman fayilolinsu a /lib/firmware. A nan dokar ta juya, direban Wi-Fi gara ya zama modul, don in yana jikin kanel zai nemi fayil ɗin tun kafin a jona faifai, ya rasa. Umarnin dmesg | grep -i firmware zai faɗi sunan wanda ya ɓace, sai ka kwafo shi daga mai masauki.

Mayar da shi na Hausa

Lokaci dai Africa/Lagos ne, a nuna /etc/localtime can. Glibc yana da tsarin harshen Hausa na Najeriya, sai dai ba ya cikin waɗanda littafin ke girkawa:

localedef -i ha_NG -f UTF-8 ha_NG.UTF-8

Sa LANG=ha_NG.UTF-8 a /etc/profile, ko a /etc/locale.conf in bugun systemd ne. Kada ka sa ran komai zai koma Hausa. Sunayen ranaku da watanni da alamar Naira za ka samu, manhajojin da ba a fassara ba suna nan da Turanci. In za ka haɗa wani ƙunshi ko ka nemi taimako da saƙon kuskure, koma LC_ALL=C na ɗan lokaci.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, su ne ke ba da wahala. A baƙin allo na farko yawancin salon haruffan ba su da su, sai ka ga akwati ko alamar tambaya, alhali fayil ɗin lafiyarsa lau. Bayan ka gina Xorg, tsarin allo mai tagogi, daga BLFS, girka haruffan DejaVu, suna ɗauke da su duka, sannan:

setxkbmap -layout ng -variant hausa

Wanda hannunsa ya saba da tsarin maɓallan Turanci zai iya barin su yadda suke, ya kunna maɓallin haɗi da setxkbmap -option compose:ralt, ya buɗe ~/.XCompose ya fara da include "%L", sannan ya rubuta layi irin wannan ga kowane harafi, babba da ƙarami:

<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"

Sai an rufe manhaja an sake buɗe ta kafin sabon layin ya fara aiki.