Darasi na 7: An Gyara Kan Inji, Amma Mota Ta Ƙi Tashi

Wannan matsala tana yawan faruwa a garejin Kaduna. An sa sabuwar sarƙar taimin, wato sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, an kai kan inji Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, an wanke shi, an ɗaura komai. Da aka murza makulli, sitata na juyawa sakayau ba nauyi, inji kuwa shiru. Wannan alama ce ta cewa silinda ba ta riƙe iska. Makanikai suna cewa kwamfireshan ya zube.

Kada ka yi saurin sake kwance injin. Fara da taimin, domin shi aka taɓa. Kirankishaf, sandar da fistin ke juyawa, yana juyawa sau 2 kafin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ya juya sau 1, kuma sarƙa ce ke riƙe wannan lissafi. Idan ta goce da haƙori ɗaya ko biyu, bawul, wato ƙofar shigar iska da fitar hayaƙi a silinda, zai buɗe a lokacin da ya kamata ya rufe. Juya inji da sufana a hankali, fistin na farko ya hau sama, ka duba ko alamomin taimin da ke jikin giyoyin sarƙar sun yi daidai. Idan ka ji ya cije, tsaya nan. Mai yiwuwa fistin ne ke taɓa bawul, kuma ƙarfi zai lanƙwasa shi.

Sai awo. Cire fulogi duka, ka katse wutar fulogi da mai, ka ɗaura gejin auna kwamfireshan a ramin fulogi, yaronka ya danne totur har ƙasa ya buga sitata. Rubuta lambar kowace silinda a takarda, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da 125 zuwa 180 a ma'aunin psi, kuma bambancin silinda da 'yar'uwarta bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Idan duka sun yi ƙasa tare, taimin ne ake zargi. Idan biyu da ke maƙwabtaka ne, gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar inji, ya ɓalle a tsakaninsu, sau da yawa domin ba a ɗaure kusoshin kan inji daga tsakiya zuwa gefe ba.

Idan ɗaya ce kaɗai, zuba mata cokalin shayi na baƙin mai ta ramin fulogi, ka sake aunawa. In lambar ta haura, ringi ne, wato zoben fistin. In ba ta motsa ba, bawul ne: ko bai zauna ba, ko ya lanƙwashe, ko an ɗaure shi fiye da kima. Ka fara auna tazarar bawul ɗin, domin wannan gyara ba ya bukatar sauke kan inji.