Darasi: Yadda ake zana inuwa ta zauna daidai

Sau da yawa za ku ga an zana buta a allon shago, ta yi kyau, amma kamar tana lilo a iska. Inuwa ce babu. Ita ce ke zaunar da abu a ƙasa. Wanda ya fi damuna shi ne zanen da inuwar mutum ta yi gabas, ta bishiya ta yi yamma, alhali rana ɗaya ce a sama.

Kafin ku ɗauki fensir, ku kafa sanda a tsakar gida. Da hantsi inuwarta na kwance yamma, da la'asar ta koma gabas. Wannan ba baƙon abu ba ne, da ita iyayenmu suke gane lokacin salla. A nan Kaduna rana na bi ta tsakar ka sau 2 a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, sai inuwar ta shige gindin sanda da tsakar rana. A Disamba kuwa inuwar tsakar rana tana karkata arewa, ta kai kusan kashi 2 cikin 3 na tsawon sandar.

To, mu koma takarda. A ce kuna tsaye a fili, kun fuskanci rana, ga falwaya a gabanku. Ku ja layi a kwance daidai tsayin idonku, wato inda sama ta haɗu da ƙasa. Ku sa ɗigo a sama, shi ne rana. Daga nan ku sauko da layi a miƙe har ya taɓa layin ido, ku sa ɗigo na biyu. Ku ɗora rula a kan ɗigo na biyun, ku ja layi ya ratsa gindin falwaya ya taho wajenku. Hanyar inuwa ke nan. Sai ku ja wani daga rana, ya shafi kan falwaya ya gangaro. Inda layukan biyu suka haɗu, nan inuwa ta tsaya.

Ko falwaya goma ce, ɗigon nan na biyu shi za ku riƙa komawa. Za ku ga inuwoyin suna bajewa kamar yatsun hannu. Kada ku gyara! Ido ne ke nuna haka, kamar yadda ƙarafan layin dogo na Rigasa suke zama kamar sun haɗe daga nesa.

In fitila ce a ɗaki, ɗigo na biyu a daɓe yake, daidai ƙarƙashinta. Inuwar da ta iske bango kuma takan lanƙwashe ta hau shi.

Ku ƙara mata duhu a gindin abu, ku sassauta hannu wajen ƙarshe. Lokacin hazo ma bakinta dishi-dishi yake.

Aikin gida: ku ajiye gwangwanin madara kusa da bango, ku haska shi da tocila daga sama ta gefe guda, ku zana abin da kuka gani. Ku ɗan sauko da tocilar, ku sake zanawa, ku kawo duka biyun aji.