Yadda ake gane halin babbar lamba ta hanyar warware ta zuwa tushenta

A Katsina ilimin lissafi ba baƙo ba ne, domin daga nan Muhammad al-Kashinawi ya fito, malamin da ya yi rubutu kan jadawalin lambobi a shekarar 1732, kuma ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk da haka ɗalibai da yawa, da zarar sun ga lamba mai gida shida, sai gabansu ya faɗi. Za mu ɗauki 720,720 mu bi ta daki-daki.

Da farko a dubi lambar ƙarshe. Idan 0, 2, 4, 6 ko 8 ce, to lambar shafa'i ce, wato mai rabuwa da biyu babu saura, in ba haka ba wutiri ce. Tamu ta ƙare da sifili, saboda haka sai a yi ta raba ta biyu har ta ƙi: 360,360, sai 180,180, sai 90,090, sai 45,045. An raba sau huɗu ke nan, kuma a rubuta wannan a gefen takarda, domin za a buƙace shi.

Daga nan a tara lambobin 45,045 ɗaya bayan ɗaya. Jimlarsu 18 ce, kuma duk lambar da jimlarta ta rabu da 9, ita ma tana rabuwa da 9, wato 3 sau 3. Abin da ya fito 5,005 ne, wanda 5 ta mayar da shi 1,001.

A nan ne nake so mai karatu ya dakata, domin 1,001 tana da kama da lambar tushe, wato wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, alhali kuwa 7 sau 11 sau 13 ce. Wanda ya haddace wannan ya samu babban makami: duk lamba mai gida uku da aka rubuta sau biyu a jere, kamar 345,345, tana rabuwa da 7 da 11 da 13 babu saura.

Yanzu tushen ya bayyana: 2 sau huɗu, 3 sau biyu, sannan 5 da 7 da 11 da 13 sau ɗaya-ɗaya. Don sanin yawan lambobin da ke raba ta, a ƙara 1 a kan kowane adadin maimaici, a ninka su: 5, 3, 2, 2, 2, 2, wanda ya ba da 240. 720,720 ce mafi ƙanƙantar lamba da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 16, sai a 17 take barin saura 5. Da gadon naira 720,720 aka kawo gaban malami, sumuni da sudusi da sulusi duk za su fita ba tare da an karya kwabo ba.

Lambar tamu ba murabba'i ba ce, wato ba a samun ta ta hanyar ninka wata lamba da kanta, domin tana tsakanin 848 sau 848 da 849 sau 849.

Saura aji na ƙarshe. Masana suna tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta: idan jimlar ta yi daidai da ita, kamar 6 da 28 da 496, cikakkiya ce, idan ta gaza, mai naƙasa ce, idan ta zarce, mai yalwa ce. Ba sai an tara guda 239 ba. Rabinta da sulusinta da rubu'inta kaɗai, wato 360,360 da 240,240 da 180,180, sun ba da 780,780, wanda tuni ya zarce 720,720, saboda haka mai yalwa ce.