Yadda Ake Gyara Karkatar Taya a Gargada a Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙarfin Inji

Motocin da kamfanonin Amurka suka ƙera tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970, irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Chevelle da Pontiac GTO da Dodge Charger, sun yi suna ne saboda girman injinsu, amma duk wanda ya taɓa tuƙa ɗaya daga cikinsu a hanya mai gargada ya san cewa ƙafafunsu na gaba ba su kai darajar injin ba. Direba yana riƙe da sitiyari ƙam, bai motsa hannu ba, sai taya ɗaya ta hau tudu ko ta faɗa rami, motar ta fizga gefe da kanta. Wannan ita ce matsalar da makanikan can suke kira bam-sitiya, wato karkatar da bakin taya yake yi zuwa ciki ko waje duk lokacin da ƙafa ta yi sama ko ƙasa. Gyaranta yana buƙatar awo da haƙuri fiye da kuɗi, kuma dole a bi aikin daki-daki, domin kowane sauyi da aka yi wa ƙafar yana taɓa sakamakon wanda ya gabace shi.

Sai an fahimci tushen abin kafin a ɗauki sifana. Kowace tayar gaba tana ɗaure ne a jikin sifindil, wato ƙarfen da taya take juyawa a kansa, shi kuma sifindil hannuwa biyu ne suke riƙe da shi, na sama gajere, na ƙasa dogo, kowanne da boljoyin a bakinsa. Na ukunsu shi ne tayarod, wanda yake kawo umarnin sitiyari zuwa ga tayar. Dukkan ukun lilo suke yi a kan mahaɗarsu ta ciki, bakin kowanne na waje yana zana baka idan ƙafa ta motsa. Muddin bakan da tayarod yake zanawa ya dace da hanyar da sifindil yake bi, taya za ta hau ta sauka tana kallon gaba. Da zarar sun saɓa, tayarod zai tura hannun sitiyarin da ke jikin sifindil ko ya jawo shi, taya ta juya ba da izinin direba ba. Sharuɗɗan dacewar guda biyu ne. Idan aka tsaya gaban mota aka ja layi ta mahaɗan hannun sama, aka ja wani ta mahaɗan hannun ƙasa, layukan za su haɗu a wani wuri, kuma tilas layin tayarod ya nufi wannan wurin. Sharaɗi na biyu shi ne tsawon tayarod ya dace da tsawon hannuwan biyu gwargwadon tsayin da yake zaune a tsakaninsu. Na farko batun tsayi ne, na biyu batun tsawo, kuma awo zai nuna wanne ne ya lalace.

Waɗannan motoci sun fito ne da tayoyi sirara irin na da, masu zaren da aka saƙa a karkace, waɗanda taushin gefensu yake haɗiye kuskure mai yawa. Yau masu su suna sa musu tayoyin radiyal masu faɗi da ƙaramin gefe, suna rage tsayin motar, wasu kuma suna ɗauko sifindil daga wata mota domin samun birkin faranti. Sifindil ɗin Ford Granada da ake sa wa Mustang ta 1965 da 1966, da dogon sifindil na manyan motocin GM, wato General Motors mai Chevrolet da Pontiac, da ake sa wa Chevelle, duka sun shahara wajen kawo bam-sitiya, saboda hannun sitiyarinsu ba a wurin na asali yake ba. Haka nan sauya akwatin sitiyari da rak na zamani yakan jawo matsala mafi wuyar magani, idan faɗin rak ɗin bai yi daidai da tazarar mahaɗan hannuwan ƙasa ba.

Matakin farko shi ne kawar da duk wani wasa a ƙafar. A duba boljoyin huɗu, da bushin na hannuwa, da bakunan tayarod, da bearin taya, da akwatin sitiyari, a kuma kula sosai da hannun aidila, wanda yake ɗauke da sandar tsakiya, wato sandar da ta haɗa tayarod biyu, ta ɓangaren fasinja, domin idan ya saki, mahaɗar tayarod ta ciki tana hawa tana sauka yadda ta ga dama. A auna sandar tsakiya daga ƙasa a gefe biyu a tabbatar ta kwanta daidai. Awon da aka yi a kan ƙafa mai wasa ɓata lokaci ne kawai. Daga nan sai a tsayar da tsayin da ake so motar ta zauna a kai, da mai a tanki da nauyi kwatankwacin na direba a kujera, a auna daga tsakiyar hob zuwa leɓen madigadi a rubuta. A motocin Dodge da Plymouth wannan abu ne mai sauƙi, tun da sandar murɗi suke amfani da ita maimakon sifirin, kuma akwai kusar da ake juyawa a hannun ƙasa a ɗaga motar ko a sauke ta.

Bayan tsayi sai kamba, wato jinginar kan taya ciki ko waje. Babban aibin da yawancin Ford da GM na wancan zamani suka fito da shi shi ne, idan mota ta shiga kwana ta kwanta, kan tayar waje yana jingina waje, sai ta taka ƙasa da gefenta maimakon cikinta. A Mustang maganin ya daɗe da sanuwa: ana huda sababbin ramuka a bangon da ke riƙe da shokabzoba, a sauke mazaunin hannun sama da inci 1, wato milimita 25.4, kuma a motocin 1965 da 1966 ana matsar da ramukan baya da inci 1/8. Injiniyan Ford Klaus Arning ne ya fitar da lissafin, Carroll Shelby kuma ya yi amfani da shi a Mustang GT350 ta 1965, shi ya sa ake kiran gyaran da sunan ɗayansu. Kada a yi hujin da ido. A yi amfani da farantin ƙarfe mai ramukan jagora, a fara da ƙaramin bakin huji. Wanda ya sauke fiye da inci 1 kuwa yana iya sa boljoyin na sama ya cije kafin ƙafa ta kai ƙarshen tafiyarta, sai an sa masa weji mai gyara kusurwarsa. Camaro ta 1967 zuwa 1969 tana da irin wannan gyara da ake jingina wa Dick Guldstrand, wanda yake sauke ramukan hannun sama ya kuma matsar da su baya. A Chevelle da GTO na 1964 zuwa 1972 an fi bin hanyar dogon boljoyin, wanda yake ƙara wa sifindil tsawon rabin inci ko kusan inci guda ba tare da an huda komai ba.

Sai kasta, wato jinginar da layin boljoyin biyu yake yi zuwa baya idan an kalli mota daga gefe. Ma'aunin kamfani na lokacin kusan sifili ne, domin a sauƙaƙa juya sitiyari, amma tayar radiyal tana son digiri 3 zuwa 5 idan akwai fawa-sitiyari, ko ƙasa da haka idan da ƙarfin hannu ake juyawa. A GM ana samun ta da shim, wato siraran ƙarafan cikewa, a mazaunin hannun sama, a Mopar kuma, wato motocin Dodge da Plymouth, da kusoshin kam, kuma idan ba su isa ba ana ƙarawa da bushin mai rami a gefe ko sabon hannun sama. Dalilin da ya sa dole a gama da kasta kafin awon bam-sitiya shi ne, jingina sifindil baya yana sauya tsayin hannun sitiyari. A motar da kayan sitiyarinta suke bayan tsakiyar taya, kamar Mustang ta 1965 zuwa 1970 da Camaro ta farko, wato ta 1967 zuwa 1969, da motocin Mopar, ƙarin kasta yana sauke bakin tayarod na waje. A wadda kayan suke gaba, kamar Chevelle da Camaro ta 1970 zuwa 1981, ɗaga shi yake yi. Mutane da yawa suna gyara bam-sitiya su kai mota wurin alaimen, a sauya musu kasta, aikin ya rushe ba su sani ba.

Yanzu aka zo ga awon kansa. A ɗora motar a kan sandunan tsaro a daɓe mai ƙarfi wanda ba tudu ba kwari, a cire taya da shokabzoba, a kwance sitabilaiza, a fitar da sifirin. A nan akwai haɗari na gaske, domin sifirin da aka matse yana iya karya ƙashi ko ya kashe mutum idan ya kuɓuce, saboda haka a yi amfani da matsewar sifirin mai inganci. A Mustang sifirin yana zaune ne a kan hannun sama, a GM a kan na ƙasa, a Mopar kuwa sai an sassauta kusar tsayi gaba ɗaya kafin a zare sandar murɗi. A miƙar da sitiyari a ɗaure shi yadda ba zai motsa ba ko kaɗan. Ɗaure sandar tsakiya kanta ya fi ɗaure sitiyarin cikin mota, saboda akwatin yana da ɗan wasa ko da sabo ne. A ɗaura shimfiɗaɗɗen faranti a jikin hob, a kafa agogon awo biyu a kan firam mai jingina da farantin, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. A sa jak ƙarƙashin hannun ƙasa a ɗaga har tsakiyar hob ta kai tsayin da aka rubuta, a mayar da agogon biyu sifili. Daga nan a riƙa ɗagawa rabin inci rabin inci har inci 2 ko 3, ana rubuta bambancin agogon gaba da na baya a kowane mataki, sannan a dawo sifili a yi haka zuwa ƙasa. Idan aka dawo tsayin farko agogo bai koma sifili ba, wani abu ya motsa, a sake awon. Wanda ba shi da agogo yana iya manna madubi a hob ya haska masa lesa daga gefe, ya bi ɗigon da ya dawo a kan takarda, domin madubin juyawa kawai yake nunawa.

A zana lambobin a takarda, tsayi a tsaye, karkata a kwance, siffar layin za ta faɗi ciwon. Idan layin ya miƙe amma ya jingina, wato bakin taya yana buɗewa waje idan ƙafa ta yi sama, yana tsukewa ciki idan ta yi ƙasa, ko akasin haka, matsalar tsayi ce. A motar da sitiyarinta yake gaba, buɗewa a sama tana nufin bakin tayarod na waje ya yi ƙasa da yawa, a ɗaga shi. Tsukewa a sama tana nufin a sauke shi. A motar da sitiyarinta yake baya hukuncin yana juyewa: buɗewa a sama tana nufin a sauke bakin waje. Wannan ne ya sa dogon boljoyin na ƙasa, wanda yake ɗaga sifindil da hannun sitiyarinsa, yake taimaka wa Chevelle, alhali Camaro ta farko bakin tayarod mai dogon wuya take so, wanda yake sauke mahaɗar. Idan kuwa layin ya lanƙwashe kamar baka, taya tana karkata gefe guda a sama da ƙasa duka, matsalar tsawo ce. Gajeren tayarod yana tsuke tayar da sitiyarinta yake gaba, yana buɗe wadda nata yake baya. Wannan ba ya gyaruwa da juya hannun rigar tayarod, domin juyawar saitin baki kawai take sauyawa, wato buɗewa ko tsukewar bakin tayoyi a tsayin zaman mota. Sai an matsar da mahaɗar ciki ko an sauya hannun sitiyari.

Kayan gyaran tsayi da ake sayarwa bakin tayarod ne mai ƙwallo a buɗe, da doguwar kusa, da zobba masu kauri daban-daban da ake jerawa tsakaninsa da hannun sitiyari. A ƙara ko a rage zobe na inci 1/16 a lokaci guda, a mayar da saitin baki yadda yake, a sake awo daga farko. Masu haɗa motocin tsere suna neman karkatar ta yi ƙasa da inci 0.020 a kowane inci na tafiyar ƙafa, kuma inci na farko sama da ƙasa da tsayin zama shi ne mafi muhimmanci, tun da a nan mota take yawancin tafiyarta. Idan ba za a iya kawar da ita gaba ɗaya ba, gara a bar 'yar buɗewa kaɗan a sama, domin tana sa mota ta natsu a kwana, ita kuwa tsukewa tana sa ta shige kwanar fiye da yadda direba ya nufa. A ganina jera zobba masu yawa alama ce ta cewa kuskuren yana wani wuri, kuma doguwar kusa tana ɗaukar lanƙwasa mai yawa. A sa babbar washa ƙarƙashin ƙwallon yadda ko ya fita daga gidansa tayarod ba zai faɗi ba. Dumama hannun sitiyari da wuta a lanƙwasa shi, kamar yadda wasu suke yi, yana iya raunana ƙarfen da ran mutum yake rataye a kai, ban ga dalilin yinsa ba alhali ana samun hannuwa masu tsayi daban-daban.

Idan gefe ɗaya ya yi daidai a auna ɗayan shi ma, domin tsohuwar mota da wuya gefenta biyu su zo ɗaya. Kafin a mayar da sifirin, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ƙafa tana can sama, a sake yi tana can ƙasa, ana duba ko wata mahaɗa ta cije, ko tayarod ya taɓa cikin rim, ko tiyon birki ya miƙe. A harhaɗa komai, a sauke motar a kan tayoyinta, a ɗan tura ta gaba da baya ta zauna, sannan a ɗaure kusoshin bushin roba, domin idan aka ɗaure su ƙafa tana rataye za su murɗe su yage da wuri. Saitin ƙarshe ga motar titi mai tayar radiyal shi ne kamba daga sifili zuwa rabin digiri ciki, da tsukewar baki ta inci 1/16 zuwa 1/8, kuma a gaya wa mai alaimen ya bar kastar yadda aka kafa ta. Bayan tafiyar gwaji ta farko a sake auna tsayin daga hob zuwa madigadi, saboda sabon sifirin yakan ɗan zauna, a kuma sake bin kowane noti na tayarod da sifana.